An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nasiha Kan Wayar Da Ke Aljihunku

'Ya'yana maza da mata, ku kun buɗi ido kun tarar da waya a hannun kowa, har mai rake a bakin titi ta cikinta yake karɓar kuɗinsa. Mu kuwa a gabanmu aka kawo ta. A watan Agustan 2001 aka kunna sabis ɗin GSM a Najeriya, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma tun daga ranar ƙaunarta da tsoronta suke tafiya tare. An ce tana soya ƙwaƙwalwa. A 2011 aka baza cewa akwai wata lamba da in ta kira mutum ya ɗauka, take zai faɗi matacce, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata. A 2020, muna tsakiyar kullen korona, aka ce 5G ce ke kawo cutar. A Birtaniya har turakun sabis aka banka wa wuta, mu kuma a nan aka yi ta tura saƙon gargaɗi, alhali ba a ma sayar wa kamfanoni zangon 5G a Najeriya ba sai a Disambar 2021.

Ba tsoron ne ya dame ni ba. Mai tsoro yakan yi hattara, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Abin da ya dame ni shi ne inda kuke ajiye tsoron. Yaron da ya turo mini gargaɗi a kan turken sabis, shi nake gani da yamma a kan babur, hannu ɗaya a kan totur, ɗayan yana latsa waya. Yarinyar da ta liƙa wa wayarta wata 'yar takarda mai ƙyalli wai maganin tururi, ita ce ke kwana da wayar a ƙarƙashin matashin kai, tana jone da cajar da aka saya a tire. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu bi maganar daga tushe, don rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ke fita daga wayarku igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda ta riƙa kawo wa kakanninku Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC a gajeren zango. Bambancin shi ne akwatin rediyo kamawa kawai yake yi, waya kuwa tana kamawa tana kuma aikawa, ga ta manne da kunne. Masana sun kasa irin waɗannan igiyoyi gida biyu. Akwai masu ƙarfin da zai iya tsinka ƙwayoyin halittar jiki, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda saboda shi ne mai ɗaukar hoton yake laɓewa bayan bango. Akwai kuma waɗanda ba su da wannan ƙarfi, kuma igiyar waya tana cikinsu, ita da Wi-Fi da Bluetooth da talabijin. Ko hasken fitilar ɗakinku ya fi ta kusa da wancan rukuni mai haɗari. Abin da aka tabbatar igiyar rediyo tana yi wa jiki, in ta yi yawa, shi ne ɗumama tsoka. A kan wannan ɗumin aka gina dukkan ƙa'idojin da zan faɗa muku.

Ma'aunin ana kiransa SAR. Yana nuna yawan ƙarfin da jiki ke zuƙa daga igiyar, ana kuma lissafa shi da wat a kowane kilogiram na tsoka. A gwaje-gwajen da aka yi shekaru da dama an gano cewa idan jiki gaba ɗaya ya zuƙi kamar wat 4 a kowane kilogiram na tsawon rabin awa, zafinsa zai ƙaru da kimanin digiri 1. Masu tsara doka ba su tsaya a bakin wannan gaɓa ba. Sun raba adadin gida goma suka bai wa ma'aikatan da aikinsu ke kai su kusa da eriya, wato 0.4, sannan suka raba shi gida hamsin suka bai wa sauran jama'a, wato 0.08, domin a cikin jama'a akwai jariri da tsoho da mai juna biyu da marar lafiya. Wannan na dukkan jiki ke nan. Waya kuwa a wuri guda take zama, don haka aka yi mata nata iyakar. A Amurka, hukumar FCC ta sa wat 1.6 a kowane kilogiram tun 1996, ana auna shi a kan giram 1 na tsoka, kuma Indiya ta koma kan wannan adadi a 2012. Ƙasashen Turai da mafi yawan duniya suna bin shawarar wata hukumar masana mai zaune a Jamus, ICNIRP, wadda ta fitar da ƙa'idojinta a 1998 ta sabunta su a 2020: wat 2 ga kai da gangar jiki, wat 4 ga hannu da ƙafa, ana auna su a kan giram 10.

Ɗana, kada ka ga 1.6 da 2 ka ce ai na Amurka ya fi tsauri da kaza. Mudun awon ba ɗaya ba ne, don haka ba a jera lambobin kai tsaye. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, dukkansu an ajiye su can nesa da inda cutarwa ke farawa.

Yadda ake gwajin ma abin sani ne. Ana ƙera kan mutum na roba, a cika shi da wani ruwa da aka haɗa don ya riƙa zuƙar igiya yadda tsokar mutum ke yi. Sai a kara wayar a kunnensa, a tilasta mata ta yi aiki da iyakar ƙarfinta, wata na'ura kuma ta riƙa zagayawa cikin ruwan tana neman inda ya fi zuƙa. Adadin da ya fi kowanne girma shi ake rubutawa a takardar waya. Ke nan lambar da za ka gani ta ranar da wayar ta fi shan wahala ce. A zaman yau da kullum, a cikin gari inda sabis ke cike, abin da take fitarwa bai kai ko kusa da haka ba. Ko a iyakar ƙarfinta, tsohuwar wayar GSM ba ta wuce wat 2, shi ma a ɗan tsittsinke take fitar da shi, na 4G kuwa ba su kai rabin wat ba. Dutsen guga na lantarki yana cin kusan wat 1000. Kun tuna bidiyon nan da ake jera wayoyi a kewaye da masara, a kira su, sai ga gugguru yana tsalle? A 2008 ya fito, kuma daga baya wani kamfanin sayar da na'urar saƙalawa a kunne ya amsa cewa shi ya shirya shi don talla. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma wannan furen har yau ana tura mini shi.

Za ku ce, to wa ke bin diddigin kamfanonin? A wasu ƙasashe ana bi, kuma ba a kallon girman suna. A watan Satumban 2023 hukumar ANFR ta Faransa ta sanar cewa ta gwada iPhone 12, ta samu cewa idan tana manne da jiki, kamar a hannu ko a aljihun wando, tana kai wat 5.74 a inda doka ta ce 4. Nan take aka dakatar da sayar da ita a ƙasar, sai da kamfanin Apple ya aika da gyaran manhaja da ya rage ƙarfin kafin aka janye takunkumin. Ba a ce wani ya kwanta asibiti saboda ita ba, domin ratar da aka bari tsakanin doka da cutarwa tana da faɗi. Amma doka doka ce, kuma ni labarin kwantar mini da hankali ya yi, don ya nuna akwai masu riƙe da ma'auni.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Duk wannan kariya tana aiki ne a kan wayar da ta bi ta ƙofar gwaji. A Najeriya doka ta ce sai NCC ta amince da samfurin waya kafin a sayar da shi, kuma tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da harkar sadarwa. Amma kowa ya san kasuwa. Akwai wayar da suna kawai ta ara, an sauya harafi ɗaya a jikinta, kwalinta ba takarda ba adireshi. Irin wannan ba wanda ya kara ta a kunnen roba, ba wanda ya auna batirinta. Wataƙila ƙarfin igiyarta daidai yake, wataƙila ba daidai ba, wanda ya sayar maka ma bai sani ba. Araha ba ta ado, 'yata. Ba cewa nake sai kin sayi mai tsada ba. Akwai wayoyi masu sauƙin kuɗi na kamfanonin da aka sani, waɗanda suka bi ƙa'ida tsaf. Kafin ki miƙa kuɗi, danna *#06# ki ga ko lambar IMEI da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali. A wayoyi da yawa, *#07# yana nuna adadin SAR, in kuma bai nuna ba, yana cikin 'yar takardar nan da kuke jefarwa tare da leda. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin mai dubawa.

Yanzu bari mu taɓo maganar da ta fi tayar da hankali, wato ciwon daji. A watan Mayun 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa igiyar rediyo a rukunin da take kira 2B, ma'ana abin da mai yiwuwa ne ya jawo cutar. Jaridu suka ɗauka, kuma har yau wannan jimla ce ake yawo da ita ba kai ba gindi. Ga abin da ba a haɗa muku da shi. Rukunan cibiyar suna auna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. Rukuni na 1 shi ne na abin da aka tabbatar, irin su taba sigari da giya. Rukunin 2B kuwa na abin da aka ga 'yar alama ce a wasu bincike, ba ta isa a yanke hukunci ba, ba ta kuma isa a rufe littafi ba. Ruwan ganyen alobera ma yana cikinsa. Alamar ta fito ne galibi daga binciken da aka tambayi masu ciwon daji na ƙwaƙwalwa su tuna yawan wayar da suka yi shekaru da suka wuce, kamar babban binciken Interphone na ƙasashe 13 da aka wallafa a 2010. Kun san halin ɗan Adam: wanda ciwo ya kama a gefen dama na kai zai fi saurin tuna cewa da dama yake amsa waya.

Tun daga lokacin ba a zauna ba. A 2024 aka fitar da wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, ƙarƙashin jagorancin masanan hukumar ARPANSA ta Ostareliya. Sun tace bincike 63 da aka yi tsakanin 1994 da 2022, ba su sami alaƙa tsakanin amfani da waya da ciwon daji na ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka haura shekara goma suna amfani da ita. Akwai kuma hujjar da ko ba masani ba zai gane: a ƙasashen da ke rubuta duk wanda ya kamu da cutar daji, waya ta tashi daga hannun 'yan tsiraru ta shiga hannun kowa, amma adadin masu ciwon ƙwaƙwalwar bai yi tashin da ya bi sawunta ba. Masana suna ci gaba da sa ido, musamman a kan yara, kuma haka ya kamata. Ni dai a ganina, wannan ba abin da zai hana mutum barci ba ne.

Duk da haka rigakafi ya fi magani, balle rigakafin da ba ya cin ko kwabo. Abu biyu ne ke rage abin da jikinka ke zuƙa: ƙarfin sabis da tazara. Waya tana yi ne kamar mai kiran ɗan'uwansa a gona. In yana kusa, a hankali zai yi magana. In ya yi nisa, sai ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa. Idan sandunan sabis sun cika, wayar takan sassauta. Idan saura ɗaya, ko kana cikin mota a dajin da ke tsakanin gari da gari, ko a ƙuryar ɗaki mai rufin kwano, sai ta ƙure ƙarfinta, shi ya sa ma caji ke saurin ƙarewa a ƙauye. Doguwar hira, irin ta masu neman aure da ba ta ƙarewa sai an kira assalatu, a yi ta inda sabis ke da kyau. Tazara kuwa, ƙarfin igiyar yana faɗuwa da sauri ƙwarai da zarar an matsa da wayar daga jiki. Taki ɗaya ma ya yi aiki. Ka sa ta a lasifika in kai kaɗai ne, ko ka sa abin kunne, mai igiya ko marar igiya, domin Bluetooth ƙarfinsa bai kai na wayar ba ko kusa. Da dare a ajiye ta a kan tebur. Ƙannenku da ake miƙa wa waya don su yi shiru, in wasa ne ko bidiyon da aka riga aka sauke, a sa ta a yanayin jirgin sama, ka ga an huta da igiyar, an huta da kiran da za su yi wa surukai bisa kuskure.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya da aka dasa a ƙirji, shi nasa daban ne. Likitoci suna cewa ya bar tazarar santimita 15 tsakanin waya da na'urar, kada ya sa ta a aljihun gaban riga. In akwai irinsa a gidanku, ku tuna masa.

Ita kuwa 'yar takardar liƙawa da rigar waya da ake cewa suna tare tururi, ku riƙe kuɗinku. In ba ta tare komai ba, an cuce ku. In kuma ta tare wani abu, to ta toshe wa wayar hanya ne, wayar kuma za ta ƙara ƙarfi don ta isa turke. Garin gudun gara an faɗa gidan zago. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta daɗe da gargaɗin jama'a a kan irin waɗannan kaya. Haka zafin da kuke ji a kunne bayan doguwar magana: mafi yawansa daga batir ne da injin wayar, da kuma kunnen da aka toshe aka hana shi shan iska.

Turken sabis ma an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Eriyar da ke samansa gaba take harba igiyarta, can sama da rufin gidaje, kuma abin da ke isowa ga mai tafiya a ƙasa ɗan mitsitsi ne in an gwada da iyakar da aka sa. Wayar da ke kunnenka ta fi turken da ke bayan gidanku ba ka igiya, kuma unguwar da ta kori turke ta tilasta wa wayoyinta ɗaga murya ke nan. 5G ɗin da aka kunna a Najeriya a 2022 tana aiki ne a zangon gigahaz 3.5, tsakanin zanguna biyu da Wi-Fi ya daɗe yana amfani da su. In za ku yi ƙorafi a kan turke, ga abin ƙorafi na gaske: ƙarar janareta da dare, hayaƙi, man dizal da ke tsiyaya kusa da rijiya, da ƙarfen da ba a kafa da kyau ba ga damina tana zuwa da iska. Waɗannan ku rubuta, ku kai wa mai unguwa da hukuma, kuna da gaskiya. Wanda kuma ya sami aikin hawa turke a cikinku, kada ya tsaya a gaban eriya tana kunne. A can sama iyakar nan ba wasa ba ce.

Ga jakin da aka bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma sa abin kunne ba ya rage haɗarin sosai, domin hankali ne ke tafiya, ba hannu kaɗai ba. Ban taɓa zuwa jana'izar wanda aka ce igiyar waya ta kashe ba. Amma na je gaisuwar yaran da babur ya kayar, na kuma ji abin da waɗanda suka ga faɗuwar suke faɗa ƙasa-ƙasa a wurin zaman makoki. Ɗana, in kira ya shigo kana tuƙi, ka gangara gefe ka tsaya. In saƙo ne, zai jira ka.

Sai kunnuwanku. Hukumar dai ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti da ƙarfi. Abin kunnen da na ce ku sa don tazara, shi ne kuma zai kurmantar da ku in kuka ƙure shi. In na kusa da ke yana jin abin da kike saurare, ya yi yawa. In kin cire kin ji kunne yana ƙugi, jiki magayi ne, ya faɗa miki. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Batir da caja su ne na ƙarshe, kuma su ne suka fi kusa da katifarku. Batirin waya yana iya kama wuta in ya yi zafi fiye da kima ko ya sami rauni. A 2016 kamfanin Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batiranta suna ƙonewa, har jiragen sama suka hana shiga da ita. Wannan babban kamfani ke nan mai ɗakunan gwaji, balle batirin da ba a san uwarsa ba balle ubansa. Caja ta jabu ba ta da shingen kirki tsakanin wutar bango da wayar da ke hannunka, ga wutarmu da ke zuwa da ƙarfi ba sallama bayan an ɗauke. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, inda zafi ba shi da hanyar fita. Kada a taɓa wayar da ke jone da jiƙaƙƙen hannu, ko a shiga da ita banɗaki. Kada a bar ta a gaban mota cikin ranar bazara. In kuka ga bayan wayar ya fara ɗagowa, ko fuskarta ta fara rabuwa da jikinta, batirin ne ya kumbura. Kada a danne shi, kada a huda shi, kada a ɗaure da kyauro a ci gaba da caji. A kashe wayar, a kai wa mai gyaran da aka yarda da shi ya sa batirin asali, tsohon kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta.